An gama shan maganin cutar kaska, amma har yanzu ɗana bai dawo daidai ba

Maman_Khalil:
Assalamu alaikum iyaye. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki. A jihar Connecticut muke zaune, ɗana shekararsa shida. A farkon sanyin da ya wuce gwiwarsa ta dama ta kumbura suntum, alhali bai faɗi ba, bai bugu ba. Aka ɗebi jini, aka ce cutar Laim ce, wadda ake samu daga cizon kaska. Mu dai ba mu taɓa ganin kaska a jikinsa ba, ba mu kuma ga wani ƙurji ba. Aka rubuta masa amoksisilin na kwana 28, ya shanye tas, kumburin ya saɓe. To amma tun daga nan yaron nan ba shi ba ne. Da ya dawo daga makaranta sai kwanciya, yaron da a da sai an yi da gaske yake zama wuri ɗaya. Yau ya ce ƙafa, gobe ya ce kai. Malamarsa ma ta ce hankalinsa ba ya tsayawa a aji. Likitarsa ta ce an riga an kashe ƙwayar cutar, jiki ne bai gama murmurewa ba, mu ƙara haƙuri. Ni kuma na leƙa intanet na tarar da iyaye suna cewa cutar ba ta fita, ɓuya take yi a jiki, sai an yi wata da watanni ana shan magani. Wallahi barci ya ƙaurace wa idona. Wanne zan kama?

Hajiya_Bronx:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Khalil lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki 'yata, masu sani za su zo.

Abu_Safwan:
Maman Khalil, mun ga irin wannan a gidanmu a Pennsylvania, sai dai tamu ta fuska ta biyo. 'Yarmu tana da shekara bakwai ta wayi gari ɓarin fuskarta ɗaya ya saki, ido ba ya rufuwa, ruwa na zuba ta gefen baki. Mahaifiyarta ta ɗauka shanyewar jiki ce. Aka gano Laim ce, aka ba ta magani na mako biyu. Fuskar ta daidaita a hankali, amma kasalar ta daɗe, kusan zangon karatu guda tana ja da ƙyar. Ba a ƙara mata ko ƙwaya ɗaya ba. Yanzu tana aji biyar, har gudu take yi wa makarantarsu. Ban ce kowa haka zai kasance ba, abin da na gani na faɗa.

DanFulani_Mubi:
Ikon Allah. Mu da muka tashi cikin shanu, kaska ta cije mu ba adadi, da hannu muke cire ta mu ci gaba da kiwo. Ban taɓa jin ta kumbura wa yaro gwiwa ba. Anya ba sanyi ne ya kama shi ba?

Nas_Rakiya:
Malam na Mubi, kaskar ba iri ɗaya ba ce. Ta shanunku babba ce, kana ganinta. Wadda ke kawo Laim a nan gabashin Amurka wata 'yar mitsitsiya ce mai baƙaƙen ƙafafu, tana rayuwa a jikin ɓerayen daji da barewa. Wadda ba ta gama girma ba, ita ce ta fi cizon mutane daga watan Mayu zuwa Yuli, ko ƙwayar riɗi ba ta kai ba. Tana maƙalewa a cikin gashi, bayan kunne, hammata, cibiya ko matsematsi, ba zafi ba ƙaiƙayi. Yawanci sai ta wuce kwana guda a manne kafin ta zuba ƙwayar cutar.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Maryland, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babbar alamar farko wani jan shaci ne da ke fitowa tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizon, yana ta faɗaɗa, kuma mutum 7 zuwa 8 cikin 10 suna samunsa. Amma kusan duk hotunan da ke littattafai da bangon asibiti na farar fata ne. A fatarmu ba ja yake fitowa ba, duhu-duhu yake yi kamar wurin da aka buge, ko a ɗauke shi makero. Shi ya sa 'ya'yanmu da yawa ba a gano su sai cutar ta kai gwiwa ko fuska. Don haka Maman Khalil kada ki zargi kanki don ba ki gani ba. Masu digiri ma yana wuce su.

Maman_Khalil:
Na gode Anti Rakiya. Wannan maganar ta sauke mini wani nauyi, don dangin babansa har tambayata suka yi wai ina nake kaska ta ciji yaro ban sani ba.

Ummu_Hanan:
'Yar'uwa ni zan gaya miki gaskiya ko da za a ce na fiye zafi. Kada ki yarda da “ki yi haƙuri”. Haka aka yi ta gaya mini a kan Hanan, har wani likita ya ce wai ƙiwar makaranta ce. Yarinyar da ke kuka da dare saboda ciwon gaɓoɓi! Daga ƙarshe wata maƙwabciyata ta haɗa ni da wani likita mai zaman kansa wanda Laim kaɗai yake dubawa. Ya saurare ni sama da awa guda, ya ɗora ta a kan magani na wata huɗu. Inshora ba ta biya ba, sai da na sayar da sarƙata. Amma yau Hanan lafiyarta lau. Uwa ita ta san ɗanta, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Likita_Leeds:
Ummu Hanan, alhamdu lillahi da Hanan ta warke, kuma wanda ya ce mata ƙiwa ce bai kyauta ba. Ni likitan yara ne a Ingila, ba zan duba yaro ta waya ba, amma zan faɗi abin da aka sani.

Gajiyar da ciwon jikin da ke biyo bayan magani gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Saɓanin yana kan dalilinsu: ƙwayar cutar ce ta rage da rai, ko kuwa garkuwar jiki ce ba ta gama lafawa ba? An gwada wannan. A Amurka, a binciken da aka wallafa a 2001, an ɗauki masu irin wannan koke, aka ba rabinsu allurar seftiriyazon ta jijiya kwana 30 sannan doksisaikilin kwana 60, ɗaya rabin aka ba su abin da ya yi kama da magani amma ba komai a ciki. Ba a ga bambanci ba. A Holan aka sake a kan mutum kusan 280, sakamakon ya fito a 2016: duk an yi musu allura mako biyu, sannan wasu suka ƙara mako 12 na magani, wasu na bogi. Nan ma waɗanda suka sha na gasken ba su fi sauran samun sauƙi ba. Da yawa a kowane ɓangare sun ji dama-dama da tafiyar lokaci.

Dogon magani kuma ba ruwan sha ba ne. Yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani har ya jawo gudawa mai tsanani, seftiriyazon na iya tara tsakuwa a matsarmama, robar da ake sawa a jijiya kuma na iya zama ƙofar da cuta za ta shiga jini. An rasa rayuka ta wannan hanya.

Ummu_Hanan:
Likita, da girmamawa, duk binciken da ka kawo a kan manya aka yi, ko ba haka ba? Ina na yara? Kuma ni da idona na ga 'yata ta miƙe.

Likita_Leeds:
Haka ne Hajiya, a kan manya aka yi su, kin yi gaskiya a nan. Abin da muke da shi a kan yara shi ne bibiyar waɗanda aka yi wa magani na ƙa'ida, kuma ya nuna mafi yawansu suna warkewa sarai, sun ma fi manya saurin murmurewa. Game da Hanan, ni da ke ba mu da hanyar sanin ko maganin ne ya tashe ta ko wata huɗun da suka wuce. 'Yar Abu Safwan ta ɗauki kusan wannan lokacin ba tare da ƙarin komai ba.

Ummu_Hanan:
To ni dai ba zan iya zama ina kallon yaro yana wahala in ce lokaci zai yi magani ba.

Baban_Jidda:
Mu nan Jamus, a Bayern, ai akwai rigakafinta. Yarana duk an yi musu, allura uku ce. Me ya sa ba ku yi a can?

Nas_Rakiya:
Baban Jidda, a kula. Wannan allurar ta wata cutar ce daban da kaska ke kawowa a Turai, mai kumbura ƙwaƙwalwa, wadda Jamusawa ke kira FSME. Ba ta kare yaro daga Laim ko kaɗan, kuma Laim ɗin tana nan a Jamus sosai. An taɓa yin rigakafin Laim a Amurka, ya fito a 1998, kamfanin ya janye shi a 2002, kuma ko a lokacin ba a yi wa ƙananan yara. Don Allah ka ci gaba da duba jikinsu in sun dawo daga daji ko ciyawa.

Baban_Jidda:
Na gode ƙwarai Malama. Zan gaya wa mahaifiyarsu yau ɗin nan.

Gwaggo_Asabe:
Ki haɗa masa da zuma da habbatus sauda da safe, ki riƙa yi masa tofi kafin barci. Kuma a yi sadaka. Ba na hana asibiti ba, amma kada a bar na gida.

Malam_Nuhu_Ohio:
Gwaggo ta faɗi alheri, addu'a ba ta hana magani. Abin da zan ja hankali a kai shi ne masu sayar da haɗe-haɗen ganye a intanet da sunan maganin Laim. Wani abokin aikina ya zuba kuɗi masu yawa a kansu, kwalabe cike da kabad. Duk abin da za a ba yaro, ko na gargajiya ne, a nuna wa likitarsa tukuna.

Sannan Maman Khalil, ko kin san a jiharku aka fara gano cutar nan, kuma iyaye mata ne sila? A 1975 wasu mata biyu, Polly Murray da Judith Mensch, suka kai ƙara hukumar lafiya ta Connecticut cewa yara sun yi yawa da kumburin gaɓoɓi a yankin garin Lyme (Laim, inda cutar ta samo sunanta), ana ta ce musu amosanin gaɓɓai ne na yara. Likita Allen Steere na jami'ar Yale ya bi sawu ya tarar da yara 39 da manya 12. Sai a farkon shekarun 1980 Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar a cikin kaska, aka sa wa ƙwayar sunansa. Da matan nan sun yi shiru da abin ya ƙara daɗewa.

Ummu_Hanan:
Kun ji ko? Malam Nuhu ya faɗi abin da nake faɗa. Su ma “ku yi haƙuri” aka ce musu.

Abu_Safwan:
Ummu Hanan, matan nan bincike suka nema a yi, kuma binciken ne ya ba su gaskiya. Shi ne dai irin binciken da Likita ya kawo miki yanzu. Ba za mu karɓe shi a can mu ƙi shi a nan ba.

Maman_Biyu_NJ:
Ku bar ni in sako wata magana da ba wanda ya taɓo. An duba jininsa kuwa ban da Laim? Kaskar nan ɗaya tana ɗauke da wasu cututtukan. Akwai babesiya, wadda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini kamar yadda maleriya ke yi, har a madubin gwaji ana iya rikita su. Tana kawo zazzaɓi, gumi, ƙarancin jini da kasala, kuma amoksisilin ba ya taɓa ta, maganinta daban ne. Ni ɗana mai sikila ne, likitan jininsa ya ja mini kunne sosai a kanta, don tana yi wa wanda saifarsa ba ta aiki mugun kamu, yaran sikila kuwa saifarsu kan mutu tun suna ƙanana. Iyayen masu sikila da ke New Jersey, New York, Connecticut da Massachusetts, ku riƙe wannan.

Likita_Leeds:
Madalla da Maman Biyu. Nan ne nake ganin Ummu Hanan da ni za mu haɗu: a ƙi yin shiru, amma a nemi abin da ya dace. Da ni ne, zan koma wurin likitar in nemi a duba yawan jininsa da sinadarin ƙarfe, da bitamin D, wanda yaranmu masu duhun fata ke yawan rasawa a ƙasashen sanyi kuma rashinsa na kawo ciwon ƙafa da kasala, da maƙoƙo, da yadda yake barci, ko yana minshari. In yana zazzaɓi ko ya ɗashe, a duba babesiya. Haɗarin liƙa wa Laim komai shi ne a bar wata cutar mai magani tana cin yaro.

Gwiwar kuma a sa mata ido. In ta sake kumbura, wannan magana ce daban, ƙa'idar likitocin Amurka ta 2020 ta yarda a ƙara zagaye na biyu na maganin, ko na sha ko na jijiya. In an yi haka kumburin bai tafi ba, sai likitan gaɓoɓi, domin a wasu yaran garkuwar jiki ce ke ci gaba da faɗa bayan ƙwayar ta mutu, kuma maganin wannan daban ne.

Maman_Khalil:
Likita na gode, na rubuta su duka. Tambaya ɗaya: in na sa aka sake gwajin Laim ɗin, ba zai nuna mana ko ta fita ba? Wata a intanet ta ce ɗanta shekara biyu ke nan gwajinsa na nuna tana nan.

Nas_Rakiya:
A'a Maman Khalil, kuma nan ne ake yawan tsorata iyaye. Gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba, sojojin da jiki ya ƙera don yaƙarta yake gani. Su kuwa suna iya zama a jini shekaru bayan an warke. Ko yau kika gwada 'yar Abu Safwan mai yiwuwa ya nuna. Haka kuma a makonnin farko gwajin kan fito babu komai alhali cutar na nan, don jiki bai fara ƙera su ba, shi ya sa in likita ya ga shacin nan a inda cutar ta yawaita yake ba da magani ba tare da jiran gwaji ba. Ki kuma yi hattara da ɗakunan gwajin da ake aika wa jini ta gidan waya a biya da tsada. Wasunsu hukuma ba ta tantance hanyar gwajinsu ba.

Zainabu_Dakar:
Ina son in koma kan maganar Malam na Mubi. Gaskiya ne Laim ba cutar yankinmu ba ce, amma kada mu ce kaskar Afirka ba ta da illa ga mutum. A nan Senegal akwai wata mai laushin jiki da ke zama a ramukan ɓeraye, har cikin ɗakunan kwana a ƙauye. Da dare take fitowa ta ciji mutum ta koma, ba ta mannewa. Tana sa zazzaɓi mai tafiya ya dawo, ƙwayarsa dangin ta Laim ce. An yi dogon bincike a kanta a ƙauyen Dielmo, aka ga tana cikin manyan dalilan zazzaɓi bayan maleriya. Sau da yawa maganin maleriya ake ta ba yaro, gwaji bai nuna maleriya ba, zazzaɓin ya lafa ya sake dawowa.

DanFulani_Mubi:
Allahu akbar. Wannan kam mun sha gani, zazzaɓin da ke tafiya ya dawo, mu ce shawara ce ko taifot. Allah ne masani. To mu da kananzir muke ɗiga wa kaska ko mu kusanta mata garwashi ta saki, daidai ne?

Nas_Rakiya:
A daina, Malam. Kananzir, man shafawa ko wuta ɓata lokaci ne, ga ƙona fatar yaro. A sa matsefata mai tsinin baki, a kama ta daf da fata, a ja sama a hankali ba murɗawa, a wanke wurin da sabulu. Mu na nan Amurka kuma, in an cire ta a ƙoshe da jini a kira likita da wuri, don akwai doksisaikilin sha ɗaya da ake bayarwa cikin awa 72 a wuraren da cutar ta yi yawa. Yara su yi wanka da sun shigo daga wasa, kayansu a jefa injin busarwa da zafi minti 10.

Maman_Biyu_NJ:
Anti Rakiya, doksisaikilin ba shi ne aka ce yana ɓata haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara takwas ba?

Likita_Leeds:
Da haka ake koyarwa, saboda tsofaffin danginsa sun yi hakan. Daga 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ana iya ba yaro kowane shekaru in bai wuce kwana 21 ba. A nan Birtaniya har yanzu amoksisilin muke fara ba 'yan ƙasa da shekara tara.

Hajiya_Bronx:
Ni tsohuwa ce, ban san sunayen magungunan nan ba. Amma 'yata, ki kula da kanki ke ma. Yaro yana karanta fuskar uwarsa. In kullum yana ganin kina kallonsa da tsoro kina tambayarsa ina ke ciwo, shi ma zai tsorata. Ki bar shi ya fita ya yi wasa gwargwadon ƙarfinsa, ki yi magana da makarantar su sassauta masa aiki. Kuma ki rage karanta labaran nan da tsakar dare.

Ummu_Hanan:
Hajiya ta yi gaskiya a kan wannan. Amma Maman Khalil, in duk gwaje-gwajen da Likita ya lissafa suka fito lafiya, yaro kuma yana nan yadda yake, sai me? Wannan ita ce tambayar da ba wanda ya amsa mini lokacin Hanan. Na rasa mai saurarena ne har na je inda na je.

Abu_Safwan:
Wannan tambayar tana da nauyi, ba zan ce ba ta da shi ba. Mu abin da ya taimake mu shi ne littafi da mahaifiyarta ta buɗe, kullum tana rubuta barcinta, cin abincinta, da ko ta yi wasa. Mu da muke tare da ita ba mu ganin canji, amma da muka duba wata da wata sai muka ga ranakun kwanciya suna raguwa. Da mun ga suna ƙaruwa da mun nemi a tura mu wurin likitan cututtuka masu yaɗuwa na yara a babban asibitin koyarwa.

Maman_Khalil:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na kira asibitin, sun ba mu ranar Talata. Zan tafi da jerin da Likita ya bayar, zan kuma nemi takardar turawa wurin ƙwararre ko da gwajin ya fito lafiya. Ummu Hanan, ban watsar da maganarki ba, amma gaskiya robar jijiyar nan ta ba ni tsoro, babansa ma ya ce a fara bin ta nan. Littafin Abu Safwan na fara shi tun jiya. Wani abu kuma: ƙanwarsa 'yar shekara biyu a tsakar gida ɗaya suke wasa, bayan gidanmu duk itatuwa ne, barewa har bakin shinge suke zuwa. Maganin shafawa na korar ƙwari ya halatta a jikin mai shekarunta, ko a tufafi kawai ake fesawa?